Baba Yara: Tauraron Kumasi da siyasa ta raba da gida, hanya ta raba da ƙwallo

A daren Juma'a 25 ga Maris, 2022, gidajen kallon ƙwallo a faɗin Najeriya sun cika maƙil, domin Super Eagles na karawa da Black Stars ta Ghana a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Qatar. An tashi babu ci. Bayan kwana huɗu aka yi kunnen doki 1-1 a Abuja, Ghana ta wuce, Najeriya ta zauna a gida. Wasan farkon an buga shi ne a birnin Kumasi, a filin da ake kira Baba Yara, sunan da ya faɗo a kunnen Bahaushe tamkar na wani dattijo a unguwarsu. Mai sunan bai kai ga tsufa ba. Ya rasu yana da shekara 32, bayan ya yi shekara takwas yana taka leda a matakin ƙoli, ya kuma yi shekara shida ƙafafunsa ba sa motsi.

Rayuwarsa ta zo daidai da lokacin da Ghana ta aiwatar da abin da hukumomin ƙwallon Najeriya suka daɗe suna alƙawarinsa, wato rushe tsohon tsarin gasa a gina sabo, a faɗaɗa shi zuwa yankuna, a kuma shimfiɗa wa matasa hanyar hawa. Baba Yara ya ci moriyar wannan gyara fiye da kowa, kuma a jikinsa aka ga iyakarsa.

Zango, goro da dawaki

An haifi Osman Seidu, wato Usman Sa'idu a bakin Bahaushe, ranar 12 ga Oktoba, 1936 a Kumasi, hedikwatar masarautar Asante, lokacin ƙasar na ƙarƙashin Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Ya fito ne daga al'ummar Musulmin birnin, waɗanda akasarinsu mazauna Zango ne.

Zangon Kumasi ɗan cinikin goro ne. Shekaru aru-aru fataken Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa suna kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da kayan fata, su dawo da goron da ake tsinka a dazukan Asante. Babbar kasuwar wannan ciniki ita ce Salaga. Yaƙin basasar da ya ɓarke a can cikin 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta, kuma bayan Turawa sun ci Kumasi a 1896, baƙi daga arewa suka riƙa kwarara cikin birnin. Zangon ya tara Hausawa da Mossi da Dagomba da Wangarawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa, harshen Hausa kuma ya zama igiyar da ta ɗaure su. Shi ya sa sunaye irin su Baba Yara da Dogo Moro da Salisu suka shiga tarihin ƙwallon Ghana ba tare da kowa ya ga baƙuntarsu ba.

Kafin a san shi da ƙwallo, Usman mahayin dokin sukuwa ne. Daga wajen 1950 zuwa 1955 ya yi sukuwa a filin tseren dawaki na Accra. Sana'ar tana neman mutum marar nauyi, mai iya daidaita jikinsa a kan abin da ke gudu, wanda kuma ba ya tsoron kutsawa ta ƙaramar kafa tsakanin abokan tsere. Duk wanda ya san aikin ɗan wasan gefe zai ga cewa halayen ba su da nisa da juna.

Bakwai da nema

A 1955 ƙungiyar Asante Kotoko ta ɗauke shi. Kotoko, wadda aka kafa a 1935 kuma take da beguwa a matsayin tambari, ta wuce ƙungiyar wasa kawai a idon mutanen Kumasi. Tutar Asante ce, Sarkin Asante kuma shi ne ubanta. Cikin watanni kaɗan matashin mai lamba 7 a baya ya mallake gefen dama na filin, aka kuma kira shi tawagar ƙasa a shekarar.

Wasansa na farko ya faɗa ne a kan Najeriya. A lokacin ƙasashen biyu na fafatawa duk shekara a gasar kofin Jalco, wanda wani kamfanin sayar da motoci ya sa, kuma ana kiran tawagar Najeriya Red Devils saboda jajayen rigunanta. A Accra, Gold Coast ta lallasa Najeriya da ci bakwai da nema. Baba Yara, yana ɗan shekara goma sha tara ko ƙasa da haka, ya zura biyu da ƙafarsa, ya kuma miƙa huɗu aka zura. Har yau wannan shi ne kashi mafi muni da babbar tawagar Najeriya ta taɓa sha.

Abin da ya bambanta shi shi ne gudu da ƙwallo a manne da ƙafa, da iya yanke mai tsaron baya a wuri ƙanƙane, sannan ya ɗaga kai ya aika ƙwallon inda ɗan gaba zai same ta a sauƙaƙe. Sau biyu ana zaɓen sa gwarzon ɗan ƙwallon Ghana na shekara, kuma 'yan jarida da 'yan kallo suka naɗa shi sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma, laƙabin da ya bi shi har kabari.

Gasar da ta watse da wadda ta tsaya

Lokacin da Baba Yara ya fara wasa, ƙasarsa ba ta da gasar lig ta ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyi na buga wasannin sada zumunta da kofuna na yanki, shugabannin ƙwallon Accra da na Kumasi kuma ba sa ga maciji da juna. A 1956 an gwada shirya gasar ƙasa a ƙarƙashin shugabancin Richard Akwei, sai ƙungiyoyin Asante, ciki har da Kotoko, suka ƙaurace mata. Wasu suka bi sahunsu. Ƙungiyoyi biyu kacal suka kai ƙarshen kakar, Hearts of Oak da Eleven Wise, aka miƙa wa Hearts kofin da babu armashi a cikinsa.

Ghana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. A cikin shekarar wasu masu neman sauyi suka kawar da tsohon shugabancin hukumar ƙwallon, suka ɗora Ohene Djan, matashi ɗan shekara 33, ɗan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Dabarar Djan ita ce ya fara da kaɗan wanda zai iya riƙewa. A 1958 ya buɗe gasa mai ƙungiyoyi takwas, biyu-biyu daga manyan birane huɗu: Hearts of Oak da Great Olympics daga Accra, Asante Kotoko da Cornerstones daga Kumasi, Hasaacas da Eleven Wise daga Sekondi, sai Mysterious Dwarfs da Venomous Vipers daga Cape Coast. Kowane birni ya sami wasan hamayya na cikin gida da zai cika fili, kowace ƙungiya kuma ta san ranar wasanta tun farkon kaka.

Sakamakon ya fito da wuri. Hearts ta lashe gasar 1958, Kotoko ta karɓe ta a 1959 da Baba Yara a gefen dama, Eleven Wise ta ɗauka a 1960. Zakaru uku daga birane uku cikin shekara uku alama ce ta gasar da babu wanda ya gaje ta. Kotoko ta kuma ɗauki kofin ƙalubale na farko a 1958. A shekarun da suka biyo baya aka buɗe ƙofa ga ƙungiyoyi daga yankunan da ba su da wakilci, irin su Brong Ahafo da Volta.

Djan bai tsaya a kan jadawali ba. Ya shigar da Ghana hukumar FIFA a 1958. Ya ɗauko masu horarwa daga waje, George Ainsley daga Ingila, Andreas Sjöberg daga Suwidin, sannan József Ember daga Hangare, amma da niyyar su bar magada 'yan ƙasa. Don haka aka tura kyaftin C.K. Gyamfi Jamus a 1960, inda ya buga wa Fortuna Düsseldorf ya kuma koyi aikin horarwa, ya dawo ya zama mataimakin Ember, daga baya ya gaje shi. An kuma ƙarfafa ƙwallon makarantu, aka kafa tawagar ɗalibai mai suna Academicals, wadda ta zama matakalar da yaro zai taka daga filin makaranta zuwa babbar tawaga. A 1960, shekarar da Ghana ta zama jamhuriya, Nkrumah ya kafa hukumar wasanni ta tsakiya, ya naɗa Djan daraktanta, da iko a kan dukkan wasannin ƙasar da kuma kunnen shugaban ƙasa kai tsaye.

Ranar 19 ga Agusta, 1962, aka ga inda aikin ya kai. Real Madrid ta Sifaniya, mai kofin Turai biyar a jere, ta zo Accra da Alfredo Di Stéfano da Ferenc Puskás, aka tashi 3-3 da Black Stars. Wannan ita ce tawagar da Baba Yara ke cikin jigajiganta, tare da Edward Acquah da Wilberforce Mfum da Aggrey-Fynn da Mohammed Salisu.

Ƙungiyar shugaban ƙasa

Sai dai kafin wannan rana, gyaran ya riga ya ɗauki wata hanya da ta raba kan ƙasar. A 1961 Djan, da amincewar Nkrumah, ya kafa sabuwar ƙungiya a Accra mai suna Real Republikans, wadda ake wa laƙabi da ƙungiyar Osagyefo ta kansa, Osagyefo kuwa kirarin Nkrumah ne. Ba ta raini 'yan wasanta ba. An umarci manyan ƙungiyoyin gasar kowace ta ba da biyu daga cikin zaratanta. Kotoko ta rasa Baba Yara da ɗan bayanta Dogo Moro.

Hujjar hukuma tana da ma'ana a takarda. Idan gwanayen ƙasa suna atisaye tare kullum, suna wasa tare duk mako, to tawagar ƙasa ta samu ke nan tun kafin a kira sansani. Ana kuma son ƙungiyar ta zama abin koyi wajen tsari da ladabi, kuma wadda ba ta wata ƙabila ko wani yanki ba.

A Kumasi ba haka aka karanta lamarin ba, kuma dalilin yana cikin siyasar shekarun 1950. A 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a birnin, tana neman tsarin tarayya da zai bar wa Asante ikon kanta da kuɗin kokonta, ta zama babbar abokiyar gabar CPP. A shekarar kuma jam'iyyar Musulmi ta MAP ta bayyana, ƙarfinta na cikin zangunan Kumasi da Accra, ta haɗa kai da masu adawa. Watanni kaɗan bayan 'yancin kai, a Agustan 1957, gwamnati ta kori manyan jagororin Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya, har sai da majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin a rufe ƙofar kotu. A Disamba aka haramta jam'iyyun da suka ginu a kan ƙabila ko addini ko yanki. Bayan duk wannan, filin ƙwallo ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutumin Asante zai ɗaga murya da sunan Asante ba tare da fargaba ba. Da aka zo aka cire wa Kotoko ɗan wasanta mafi daraja aka kai shi ƙungiyar shugaban ƙasa, magoya baya suka ɗauke shi a matsayin ci gaban wancan rikici da wasu makamai. Kotoko ta yi barazanar ficewa daga gasar, amma ƙarfin gwamnati ya rinjaya.

Shi kansa ɗan wasan ba shi da ta cewa. A hukumance ƙwallon Ghana ta 'yan sha'awa ce, ba sana'a ba, don haka babu kwantiragin da zai kafa hujja da shi, babu ƙungiyar 'yan wasa da za ta tsaya masa, babu kuɗin sayarwa da za a yi ciniki a kai. Hukumar da ta shirya gasar ita ce mai sabuwar ƙungiyar, ita ce mai tawagar ƙasa, ita ce kuma alƙali idan an sami saɓani.

A fili dai Republikans ta yi abin da aka ƙirƙire ta domin shi. Ta lashe gasar lig ta kakar 1962/63, ta ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka ta farko, inda Oryx Douala ta Kamaru ta fitar da ita. Amma tsarin da aka fara da nufin daidaita ƙarfi ya koma tara ƙarfi a wuri guda, kuma duk nasarar da ƙungiyar ta samu sai abokan hamayya su jingina ta ga fadar shugaban ƙasa.

Kwanar Kpeve

Ranar Lahadi 24 ga Maris, 1963, Republikans ta je Kpando a yankin Volta, ta doke Volta Heroes da ci biyar da nema. Wasan ɗaya ne daga cikin 'ya'yan faɗaɗa gasar, domin shekara biyar kafin nan babu abin da zai kai gwanayen ƙasa wannan gari. A hanyar komawa Accra, motar da ke ɗauke da 'yan wasan ta ƙwace a wata kwana da ke Kpeve, ta daki gefen tudu. 'Yan wasa da dama sun ji raunuka, suka warke suka koma fili. Baba Yara ya sami rauni a laka. Yana da shekara 26.

Gwamnati ta yi abin da ya kamata a matakin farko. An kai shi asibitin sojoji na 37 da ke Accra, daga nan aka ɗauke shi a jirgi tare da likita zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Babu inda ya fi wannan wuri a duniyar wancan lokaci ga mai raunin laka. Likita Ludwig Guttmann ne ya kafa sashen a 1944 domin sojojin yaƙin duniya na biyu, kuma wasannin da ya fara shirya wa majinyatansa a 1948 su ne suka zama gasar nakasassu ta duniya. An yi ta sa rai cewa zai miƙe cikin 'yan watanni. A watan Agustan 1963 ya dawo Accra a kan keken guragu.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki, Ghana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka. Ranar 1 ga Disamba, 1963, Black Stars ƙarƙashin Gyamfi ta ci Sudan uku da nema a Accra, ta ɗauki kofin karo na farko. Wannan ne kofin da aka sake fasalin gasar domin shi, aka kafa Republikans domin shi, aka raba Baba Yara da Kumasi domin shi. An ɗaga shi a birnin da yake kwance. A 1965 Ghana ta sake lashe kofin a Tunisiya, bayan ta doke masu masauki 3-2, kuma gefen dama ya riga ya sami sabon gwani, Osei Kofi na Kotoko. Tsarin renon matasa ya yi aikinsa, ya cike gurbin cikin hanzari.

Shekara shida a zaune

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk gidan da ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki. Da maganin asibiti ya kai iyakarsa, sai aka ɗauke shi daga gadon jinya zuwa wurin wani mai da'awar warkarwa ta hanyar addu'a. Ba a dace ba. Raunin laka yana buƙatar kulawa ta kullum, a riƙa juya majinyaci domin kada gyambon kwanciya ya kama shi, a kiyaye mafitsara da ƙoda, a riƙa motsa gaɓoɓi. Darasin Stoke Mandeville shi ne cewa mai irin wannan rauni zai iya daɗewa, ya yi sana'a, har ya yi wasa, idan an tanadi wannan kulawa. Tsarin da ya iya ɗauko masu horarwa daga ƙasashe uku na Turai bai gina wa ɗan wasan da ya nakasa irin wannan rayuwa ba.

Sannan ƙasa ta juya. Ranar 24 ga Fabrairu, 1966, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatin Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Sabbin mahukunta suka rushe Real Republikans, 'yan wasanta suka watse zuwa tsofaffin ƙungiyoyinsu, Ohene Djan ya rasa kujerarsa. Wannan ya faru ne a shekarar da duniya ke ganin tasirin babban aikinsa na waje: shi da Yidnekatchew Tessema na Habasha ne suka jagoranci ƙasashen Afirka wajen ƙaurace wa gasar cin kofin duniya ta 1966, saboda FIFA ta ware gurbi ɗaya tak ga Afirka da Asiya da yankin Oshiyaniya a haɗe. Daga 1970 Afirka ta sami gurbinta na kanta, Maroko ta fara cin gajiyarsa.

Ga Baba Yara kuwa, ƙungiyar da ya ji rauni a bakin aikinta ta daina wanzuwa, mutanen da suka ɗauko shi daga Kumasi kuma sun bar mulki. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu da ke Accra. Bayan wata shida, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takardu, dubban mazauna zanguna suka kwashe kayansu zuwa Najeriya da Nijar da sauran maƙwabta, ciki har da waɗanda aka haifa a Ghana ba su san wata ƙasa ba.

Sai a zamanin Shugaba John Kufuor, wanda shi ma ya taɓa shugabantar Kotoko, aka sa wa babban filin Kumasi sunan Baba Yara, sama da shekara talatin bayan rasuwarsa. Filin ne da ya karɓi wasannin kofin Afirka na 2000 tare da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano, lokacin da Ghana da Najeriya suka yi tarayya wajen ɗaukar baƙuncin gasar.

Abin da ya tsira da abin da ya mutu

Idan aka tace aikin Djan, za a ga kashi biyu. Gasar lig ta 1958 tana nan har yau, Hearts da Kotoko na ci gaba da hamayya, domin an gina ta a kan ƙungiyoyin da ke da saiwa a garuruwansu. Horar da masu horarwa ya yi 'ya'ya, Gyamfi ya sake ɗauko wa Ghana kofin Afirka a 1982. Ƙungiyar da aka gina da umarni kuwa, aka jingina ta da mutum guda, ba ta yi kwana da yawa ba bayan faɗuwarsa. Akwai kuma kashi na uku da ba a taɓa ginawa ba, wato kariya ga ɗan wasan da tsarin ke amfani da jikinsa.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Tawagarta ce ta fara fitar da kofin ƙalubale na Najeriya daga Legas a 1953. Da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka, Raccah Rovers ta Kano kuma ta lashe ta a 1978. A 1990, shekarar da aka mayar da gasar ta ƙwararru, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka haifi Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma fitar da Ahmed Musa. Tun daga nan an sauya wa gasar suna da masu gudanarwa sau da dama, an kafa kamfanin LMC a 2012, an maye gurbinsa da kwamitin riƙo a 2022, an daidaita kalandar da ta Turai. Abin da bai sauya ba shi ne cewa akasarin ƙungiyoyi ashirin ɗin mallakar gwamnatocin jihohi ne, ƙarfinsu na hawa da sauka da sha'awar gwamnan da ke kan kujera. Nasarar Remo Stars ta Ikenne a kakar 2024/25, ƙungiya mai zaman kanta da ke da makarantar renon yara, ta nuna cewa akwai wata hanyar.

Tambayar ta iso yammacin Kano da kanta. A 2025 ƙungiyar Barau FC ta hau babbar gasar ƙasa, Kano ta sami wakilai biyu. Mai ƙungiyar, Sanata Barau Jibrin, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, ɗan Kabo ne, kuma mazaɓarsa ta Kano ta Arewa ta haɗa da Gwarzo da Kabo. Ga yaron da ke buga ƙwallo da yamma a filin firamare a Getso ko Garo, wannan ƙofa ce da a da babu ita. Amma tarihin Republikans ya bar ma'auni da ya dace a auna kowace ƙungiya da shi, ta gwamna ce ko ta sanata ko ta attajiri: shin tana da rajista da kadarori da hukumar gudanarwa da za su rayu bayan mai ita ya bar muƙami, tana da tawagar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 da ke zagayawa ƙauyuka neman yara, kuma akwai gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi da za ta riƙa ciyar da ita?

Kwanar Kpeve ma ba ta yi mana nisa ba. A Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar zuwa Owerri wasan farkon kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Lafia, ya rasu. Ranar 31 ga Mayu, 2025, motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum ashirin suka rasu, saura tafiya kaɗan su iso gida. A ƙasa mai faɗin Najeriya, inda ƙungiya ke iya shafe yini da dare a mota daga Maiduguri zuwa Fatakwal, tsara jadawali da rarraba rukuni magana ce ta rai.

Saboda haka duk lokacin da hukuma ta fito da sabon kundin gyaran gasa, akwai shafukan da ya kamata a fara buɗewa kafin na tallace-tallace da haƙƙin talabijin. Wane kamfani ne ya yi wa 'yan wasa inshora, nawa ne za a biya wanda ya nakasa, kuma har tsawon wane lokaci? Wa zai ɗauki nauyinsa idan ƙungiyar ta rushe ko gwamnati ta sauya? Awa nawa aka yarda direba ya yi yana tuƙi kafin a canje shi? Ghana ta amsa tambayar yadda ake cin kofi cikin shekara biyar da kafa gasarta. Waɗannan tambayoyin kuwa ba ta tanadi amsarsu ba a ranar da aka ciro Usman Sa'idu daga cikin mota a Kpeve, kuma iyayen da ke sallamar 'ya'yansu daga Gwarzo da Kabo zuwa gwajin ƙwallo a birni suna da haƙƙin jin amsar kafin motar ta tashi.